Hutun da Ya Cinye Irinmu

Wata Talata ce a bazarar 1973, ina da shekara goma, na dawo daga lakwal, makarantar boko, da allona a hammata, sai na tarar da farar mota a ƙofar gidanmu a Madarunfa, yaran unguwa sun kewaye ta suna leƙa fuskokinsu a madubi. A zaure wani mutum mai baƙin tabarau ya miƙe ƙafa a kan tabarmar Baba, yana dariya har da buga cinya. Mushe Idi ke nan, wato Malam Idi a Faransance, taubashin Baba, ma'aikacin wani ofis a Yamai. Ya samu konje, wato hutun aiki, na wata guda, ya kwaso matarsa da 'ya'ya huɗu, wai sun zo shan iskar tabki da cin kifi. Kafin ma a kawo masa ruwa na ji yana cewa, "Otal ɗin Maraɗi ai sata ce da rana tsaka. Ina da gidan bawana, in biya kuɗin kwana? Don mi?" Baba ya yi murmushi, don tsakanin taubasai irin wannan magana wasa ce.

Mu kuwa ba mu cikin wasa a shekarar nan. Daminar baya ta yi gardama, rumbunmu ya kusa kai ƙasa tun kafin zafi ya shigo, Inna tana auna mana tuwo sau ɗaya a yini. Abu ɗaya ne ba a taɓawa: dammunan iri guda uku da ke rataye a ɗakin Kaka, an barbaɗe su da toka saboda ƙwari. Gero ne da kakan Baba ya bari, muna ce masa ɗan Tsoho. Yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke yakan kai, furarsa kuma tana da wani zaƙi ko ba sukari. Kowace kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ba ya yarda ko Inna ta taya shi.

Aka kwashe mu daga ɗakinmu aka ba baƙi, muka koma rumfar awaki. Na daina zuwa gaɗa, na daina 'yar carafke da ƙawayena a gindin gawo, don da na ajiye allo sai rijiya, sai turmi, sai wankin kwanonin mutanen da ba su taɓa tambayar sunana ba. Madam, matar Mushe Idi, tana zaune a inuwa tana fifita, tana cewa ruwan randarmu yana warin ƙasa. Shi kuma da hantsi ya ɗebi 'ya'yansa a mota su tafi bakin tabki, su dawo da yunwa kamar waɗanda suka yi noma. Ko tarwaɗa ɗaya bai taɓa riƙowa ba. In ya ga zakara yana yawo sai ya nuna shi da makullin mota ya ce, "Wanga nawa ne, haƙƙin taubashi." Haka zakarunmu biyu suka tafi.

A kwana na goma sha bakwai Inna ta shiga rumbu ta fito da ƙwarya rabi. Na ji ta a bayan danga tana cewa, "Malam, ka hwaɗa mishi gaskiya. Babu sauran komi." Baba ya ce, "In ce ma baƙo ya tashi? A ji wanga a gari, da wane ido zan dubi dangi?" Sannan ya kira ni. Ni ce mara nauyi, ni aka ɗora a kan turmi na kwance damin farko. Toka ta zubo mini a ido, na yi kuka, kowa ya ɗauka tokar ce. Da hannuna na sussuke shi, na sheƙe, na surfa. Kafin konjen ya ƙare na sauko da na biyu da na uku. Mushe Idi ya sha furar ya lashe ludayi, ya ce lallai mutanen ƙauye ne ke cin daɗin duniya. Ranar tafiyarsa ya ba mu kwalin sukari ɗaya da aka riga aka buɗe.

Har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, shi ko Baba. Shi yana da ido, ya ga wuyan ƙannena, ya ga inda muke kwana. Baba kuma yana da baki, ya zaɓi kunya ya bar mu.

Da ruwan shuka ya sauka, gari duk ya fita da sungumi. Baba ya hau jaki har Gabi ya roƙo iri, aka ba shi wani mai jinkirin nuna. Ya tsiro, ya yi kara, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido. Maƙwabta biyu da Baba ya taɓa ɗiba wa ɗan Tsoho sun cinye nasu tun cikin rani, don haka babu inda za a sake samo shi. Bayan kaka Baba ya tsallaka Najeriya yin dako, karo na farko a rayuwarsa, da furfura a gemunsa.

Shekara ashirin bayan haka Baba ya rasu, Mushe Idi ya zo gaisuwa, ya tsufa, yana dogara sanda. Na kawo masa fura. Ya kurɓa ya ajiye, ya ce, "Ɗiyata, ina geron nan naku mai zaƙi? Mi ya sa kunka bar shuka shi?" Zaure cike da mutane. Inna ta ƙifta mini ido daga bakin ƙofa, amma ni ban gaji kunyar Baba ba. Na ce, "Kawu, kai ka shanye shi."

Yanzu akwai masaukai a kan hanyar Maraɗi, da fanka da makulli, jikokina suna yi mini tsiya wai ina ɓarnar kuɗi alhali muna da dangi a kowane gari. Ina kewar zamanin da ƙofar kowa take buɗe, ban musa ba. Amma na san abin da ake saukewa daga rataya don baƙo ya kwana kyauta. Duk inda na je, ni nake biyan ɗakina.