Kanumfari a Ƙwaƙwalwar Mujitaba

Duk Bebeji an san Hasiya mai kunu da hali ɗaya: ba ta iya ganin tukunya a kan wuta ta wuce. Ko a gidan suna ne, sai ta ɗanɗana ta yatsina fuska, ta kwance bakin zane ta jefa wani abu. Tun rasuwar mijinta da kunun nan ta riƙe gida, har ta kai ɗanta Mujitaba jami'a a Kano.

Can su Mujitaba suke haɗa wata ƙaramar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, mai maganaɗisu mara ƙarfi, wadda za a iya kaiwa asibitin ƙauye. Kafin a saka kan mutum, sai an gwada ta da ƙwaƙwalwar ƙarya: wani farin gari ake damawa da ruwa da gishiri a bisa awo, ya daskare kamar kafaffen koko. Aikin Mujitaba ke nan, da shi zai kammala karatu.

Da aka shiga yajin aiki, ya zo gida ya dama garin ya ɗora a murhunta.

"Inna, don Allah kada ki taɓa. Ba na ci ba ne."

"Ni ina ruwana?"

Yana fita masallaci ta lakata. Salam! Haba, a ce wannan lami daga gidanta ya fito, har gaban manyan malamai? Ta watsa kanumfari, ta juya ya nutse, ta koma ta zauna kamar ba ita ba.

Bayan an koma makaranta ya kira ta a waya. Hoton ya fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, malaminsa ya yanka abin, ɗaki ya gauraye da ƙamshi.

"Inna, kin kusa kashe ni! Sai na sake sabo. Allah ya so malam dariya ya yi. Wai bai taɓa zaton na'urar za ta hango abu ƙanƙani haka a cikin kai ba."

"To, ya ce ya yi daɗi?"

"Inna, ba a ci!"

Ta ja tsaki. Can kuma ta tuna ciwon kan da ya tafi da mijinta, wanda aka yi ta yawon asibiti ba wanda ya ga komai.

"Mujitaba, ka ce ko kamar kanumfari ne tana gani?"

"Tana gani, Inna."

"Allah sarki babanka," in ji ta, ta goge ido da bakin zane. "In za ka dama na gaba, ka zo gida. Ba zan taɓa ba."