Farin Faifai

A shekarata ta biyu ina karatu a Guangzhou, nakan je ginin Tianxiu aika wa yayata kaya Kano. Kusa da shagon masu aiken akwai wani ɗan ofis da ba a sayar da atamfa ko waya. Mai shi mutumin Yamai ne, dogo, mai furfura kaɗan a gemu. Ƙaramin kamfani gare shi, yana farfaɗo da tsofaffin waƙoƙin Faransanci da waƙen baka da kiɗan jaz, wata masana'anta a bayan gari tana buga masa su a faifan garmaho.

Ni kuwa littattafan soyayya na ci na ƙoshi tun ina sakandare. A cikinsu namiji mai shiru irin wannan ba ya furta so da baki, kaset yake aikowa.

Wata Asabar ya miƙo min farin faifai marar rubutu, ya ara min ƙaramin garmaho.

"'Yar Kano, ki saurara daga farko har ƙarshe, ki gaya min abin da kika ji."

Kwana shida ina ji a ɗakina, ban san Faransanci ko kalma ɗaya ba. A waƙa ta huɗu muryar matar da ke rerawa takan tsaya, ta maimaita gaɓa guda sau uku kafin ta wuce. Na ce a raina nan saƙon yake. Har kuka na yi a wurin.

"Yaya?" ya tambaye ni da na mayar.

"Malam, ban taɓa jin abu mai kyau irinsa ba."

"Babu inda ya sami matsala?"

Na sunkuyar da kai na ce babu. Nan take ya kira laoban, wato mai masana'antar, ya ce a buga duka.

Ashe faifan gwaji ne. Guda ɗaya ake fara bugawa, a saurara, in allura ta yi tsalle a gyara kafin a buga sauran. Shi kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, yana ɓoyewa.

Ranar da katan-katan suka iso ya aika a kira ni. 'Yan kasuwar Maraɗi uku suna zaune suna shan shayi, su ne suka jiyo masa matsalar faifan. Ya ɗora waƙa ta huɗu, matar ta maimaita, ta sake maimaitawa.

"Wannan ba ki ji ba?"

"Na ji. Na ɗauka da gangan ne."

"Da gangan don wa?"

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya ƙyalƙyale da dariya: "Alhaji, yarinya wasiƙa ta karanta."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Don ba kya jin yaren na zaɓe ki, kada kalmomi su ɗauke miki hankali. Da na ba mai sharar bene ma, da ta fi ki amfani."

Na ci gaba da zuwa aiken kaya, don babu wata hanyar sai ta ƙofarsa. Faya-fayan ya rarraba wa maƙwabta suna ɗora kofin shayi a kai. Duk sanda na wuce, sai wani ya ɗaga nasa ya ce, "Hajiya, ga saƙonki."