Baba Iro da Ɗakin Ƙanƙara

Duk wanda ya san Baba Iro magini, yayan mahaifina, ya san ba ya gaida mai gida sai ya fara ƙwanƙwasa bango. In na ƙasa ne, ya yi murmushi. In bulo ne, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri," kamar an yi rasuwa.

Da garinmu Kudan ya koma kwano da siminti, sai aka daina kiransa aiki, ya koma zaman ƙofar gida. Wata rana na nuna masa hoton ɗakin ƙanƙara a wayata, ko zai yi dariya. Bai yi ba. Ya kai wayar dab da hancinsa.

"Ina azarar?"

"Babu, Baba. Dusar ƙanƙara suke yankawa kamar tubali."

"Rufin ɗaurin guga ba azara? Me suke ce masa?"

"Iglu. A bakin mutanen Inuit, can ƙuryar arewacin duniya, gida kawai yake nufi, ko na dutse ko na katako. Turawa ne suka ari kalmar, suka liƙa wa na ƙanƙara shi kaɗai."

"Iglu," ya maimaita. "Waɗannan 'yan'uwana ne."

Daga nan kowa ya shiga uku. Liman ya yi sabon gini na bulo, Baba ya ƙwanƙwasa ya ce, "Malam, wannan ba iglu ba ne, tanderu ne."

Ranar kasuwar Makarfi ya sayo ƙanƙara buhu guda, wai zai gwada. Kafin ɗan acaɓa ya sauke shi, ya jiƙe sharkaf, buhun wayam. Matarsa Inna Hajo ta ce, "Ina gidan?" Ya ce, "Yana cikin wandona."

Ni na ɓata komai. Na gaya masa su ma yanzu a gidajen katako suke kwana, na ƙanƙara sai mafarauta jefi-jefi.

"Maginansu fa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani. Suna zaune a ƙofar gida."

Bai sake neman hoton ba. Ya rasu kafin damina, kuma da ruwa ya yi ƙarfi soron da ya gina da hannunsa ya rufta. Mun nema har garin Gazara, ba mu sami wanda ya iya tada shi ba. Ƙasar tana nan tsibi guda, awaki na hawa.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya sanyaya masa makwanci.