Koshiyar Bahago

Jama'a, salamu alaikum. Wata bakwai ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na gudu Makka, da masu cewa na mutu, duk na yafe muku. Ina nan, kuma da babban yatsan hannun dama nake rubuta wannan. Ku bi ni a hankali ku ji abin da ya sa na ambaci yatsan.

Ranar kasuwa abin ya same ni, ina tsakiyar cinikin masara. Na buɗe baki in ce albarka, sai harshe ya ƙi. Mai saye ya ɗauka salon dillanci ne, har ya ƙara tayi. Ni kuwa ƙasa nake nema.

Daga asibitin garinmu aka tura mu Kaduna. Ku 'yan Birnin Gwari kun san abin da shiga wannan hanya yake nufi yanzu. Ɗana Sani ya ce addu'ar da ya yi wa hanya ta fi wadda ya yi mini.

Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wanda ya lashe kuɗin buhun masara huɗu. Likita ya ce, "Baba, hawan jini ne ya shanye maka ɓarin dama. Yaushe rabonka da awo?" Ni da na shekara hamsin ina auna hatsin mutane, ban taɓa auna jinina ba.

Allura da asuba, awo da hantsi, gashin ƙashi da la'asar. Duk na jure. Abin da ya gagare ni abinci ne.

Hannun dama ya kwanta kamar ba nawa ba. Ni kuma tun ina yaro an buge mini hannu a kan ci da hagu. Matata Hajiya ta ce za ta ba ni a baki, na ce ba a gaban mutanen ɗaki ba. Sai na riƙa cewa na ƙoshi. Kwana tara ina wannan ƙarya, ina zuƙewa. Likita ya ce in aka kai jibi a haka, roba za su zura mini ta hanci, maganar tashi kuwa sai dai a manta.

Sai ga Yaya Hajo, babbar yayarmu, ta biyo wannan hanya da tsufanta. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta kwance bakin zane ta ajiye mini wata baƙar koshiya a kan cinya.

"Ka gane ta?"

Na gane ta. Karkatacciyar koshiyar Baba ce, wadda muke yi wa dariya muna yara.

Mahaifinmu masassaƙi ne a wani ƙauye ta wajen Kazage. Bahago ake ce masa. Kafin rana ta fito ya shige daji da gatari, a lokacin da ba abin tsoro a dajin sai giwa da ɓauna. Ya san kirya da maɗaci kamar yadda ya san 'ya'yansa. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya. Matan Gwari kan ƙwanƙwasa turminsa su saurara, su biya ba ja-in-ja. Da gizago ya ciyar da mu tara, ya sa ni makarantar elemantare. Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen ice, shi nake gani zaune a gindin tsamiya, ya maƙale turmi da ƙafafu, sassaƙen ice duk a gemunsa.

Na tashi na ga hannunsa na dama a ƙandare. Ban taɓa tambaya ba. Ban kuma taɓa ganin yana cin abinci ba. A zaure yake ci, shi kaɗai. Na ɗauka girma ne.

Yaya ta ce, "Ba a haife shi bahago ba. Zamanin Turawa aka ɗebe su aikin tilas, gyaran gada. Gungume ya danne masa hannu. Da ya dawo, irin wannan taurin kai naka ya yi, har Inna ta fara kukan takaba tun yana numfashi."

Ta ce limamin ƙauye ne ya zo ya zauna a bakin tabarmarsa ya ce, "Audu, lalura ce. Allah da ya karɓi ɗaya ya bar maka ɗaya. Yara kuma tuwo za su ci, ba kunyarka ba."

Washegari Baba ya sa aka kawo masa guntun ice. Ya danne da ƙafa, ya kama wuƙa da hagu. Kwana uku yana fama. Wannan koshiya ce abin da ya fara sassaƙawa da wannan hannu, ya karkatar da bakinta don ta zo daidai daga hagu. Ashe ba kuskure ba ne.

Yaya ta dube ni ta ce, "To kai wane ne, Ɗanlami? Ka fi Baba ne?"

Na ɗauka. A jikin mariƙin akwai wani ɗan kwari da yatsansa ya ci tsawon shekaru. Yatsana ya faɗa ciki daidai.

Na yi bisimilla na sha kunu a gaban kowa. Rabi ya zube a riga. Yaya ta ce, "Shi ma haka ya fara."

Bayan sati shida yatsun dama suka motsa. Yau ina zuwa masallaci da ƙafata, ina cin tuwona da dama.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya da Sani, da ma'aikatan jinya da suka sha baƙar maganata da rabin baki. Allah ya jiƙan Bahago, ya haskaka kabarinsa.

Shawarata: ku auna jininku ko kuna jin garau. In kun ga bakin mutum ya karkace, kada ku tsaya cewa iska ce, ku nufi asibiti. Mai jinya kuma ya ci abinci, da kowane hannu Allah ya bar masa.

Yaya ta aiko sau biyu a karɓo mata koshiyarta. Na ce a gaya mata har yanzu ban gama warkewa ba.