An Wanke Komai Ban da Harara

Yana goge gilashin kwamfutarsa da bakin riga, a hankali, kamar mai share wa jariri hawaye. Dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, wataƙila tsohon malamin makaranta. A kan gilashin akwai hoton wata tsohuwa tana harara.

"Baba, sai an wanke ta," in ji mai gyara, yana ɗaga ɗan filashin da bai kai yatsa ba.

"Wanki kuma? Kullum ina goge ta."

"Cikinta za a wanke, a zuba sabuwar manhaja. Komai zai tafi."

Dattijon ya dafe hoton da tafin hannu. "Har ita? Wannan hoton kaɗai matata marigayiya ta yarda aka ɗauka, shi ma da faɗa."

Mai gyara ya adana hoton a gefe, ya soka filashi. Gilashi ya yi duhu, dattijon ko numfashin kirki ba ya yi. Da haske ya dawo, aka maido ta wurinta.

Ya daɗe yana kallonta.

"An wanke komai, ɗana, ban da fushin."

Ya rungume kwamfutar ya fita, yana ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa.