Irin Geron Baba a Rufin Bukkar Kurmi

Shekarun baya, lokacin da fari ya sa mu a gaba a ƙasar Isa, yayana da ke aiki a kudu ya zo gida da wata dabara. Wai Baba ya rame, kullum yana bakin gona yana kallon sama, don haka zai kai mu wani masaukin shaƙatawa a cikin kurmi mu huta. Ni ce na fi kowa rawar kai. Har sabon takalmi na saya, ina zaton gidan bene za mu.

Baba bai yarda ba sai da sharaɗi: da irin geronsa zai tafi. Shuka ta mutu masa sau biyu a daminar, abin da ya rage ɗan ƙunshi ne a tsohon zanen Inna, irin da ya gada wurin kakanmu, mai saurin nuna. Ya san in ya bar shi a gida, yunwa za ta sa a daka shi.

Bayan doguwar tafiya muka isa, sai ga bukkokin ciyawa a jere. Ba lantarki, ba famfo. Wani ma'aikaci ya zagaya da mu yana ta Turanci, yana nuna mana fitilar ƙwai da murhu da randa, yayana na fassarawa yana washe baki. Inna ta dube shi ta ce, "Kai, randa ta aka nuna mani? Don wagga randa munka kwana bisa hanya?"

Ni kuwa takalmina tun a ƙofa ya nutse a laka. Sauro ya yi mana maraba, birai suka sace mana ƙuli-ƙuli. Washegari aka ce mu hau wata gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwa. Inna ta ce ita ba ta yi wa kowa laifi ba, ta zauna a gindin itace. Ni na hau, na kai tsakiya na fara salati da ƙarfi har Turawan da ke bayana suka tsaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sama. Kullum sai an yi, kamar da bakin ƙwarya, ba mai ko ɗaga kai. Baba zai fita ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshi har gwiwar hannu, ya girgiza kai ya dawo. Hutun da aka kawo shi ya yi ke nan.

Tun ranar da muka sauka ya rataye ƙunshin irin a ƙoƙuwar rufin bukka, kamar yadda yake yi a gida. A wurinmu abin tsoro daga ƙasa yake zuwa, gara da ɓera. Ba wanda ya kawo a ransa cewa a nan daga sama yake zuwa. Rufin yana yoyo daidai wurin, zanen yana shanyewa, ko ɗigo bai taɓa faɗo mana ba.

Ana gobe za mu tafi, ina kwance da hantsi ina sosa cizon sauro, na hango wasu fararen zare sun huda zanen. Baba ya sauko da shi ya kwance. Gaba ɗaya irin ya tsira.

Na juya kan yayana, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babba. Baba ya ce, "Ke, ya isa. Ba shi ya yi ruwa ba." Sai ya dubi yayana. "Samo mani kalme. Iri in ya tashi ba a zubda shi."

Yayana ya ce, "Baba, gero ba ya yi a nan."

"Na sani. Samo mani."

Da aka kawo fartanyar, a bayan bukka Baba ya yi saran, layi-layi, Inna na bin sa tana jefawa tana rufewa da ƙafa. Turawa suka taru suna ɗaukar hoto, sun ɗauka yana cikin shirin masaukin. Har tafi suka yi. Ji na yi kamar in kwashe laka in watsa musu.

Da safe muna ɗora kaya a mota, birai sun riga sun sauka a wurin suna tonewa suna ci. Na ɗauki dutse, Baba ya riƙe mini hannu.

Mun koma gida ruwa ya sauka, Baba ya shuka irin da wani amininsa na Tozai ya ba shi. Na kakanmu kuwa ya ƙare daga ranar. Har yau in na ga hoton wani yana hutu a bukka sai raina ya ɓaci, kuma ni da yayana ba ma tayar da zancen. Amma abin da Baba ya faɗa yana riƙe da hannuna ya fi zama mini: "Ƙyale su. Bana dai gerona wani ya ci."