Turaren Alhaji a Kwamin Tauraron Teku

Har gobe ban manta da wata Asabar ba, a shekarata ta biyu a ƙaramar cibiyar halittun ruwa da ke bakin teku a nan Dubai. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku saurara da kyau.

A lokacin ni ne mai kula da kwamin taɓawa, wato faffaɗan kwami marar zurfi da baƙi ke tsoma hannu su shafa kaguwa da tauraron teku, wata halitta mai yatsu biyar. Dokar wurin ɗaya ce: kowa ya wanke hannu da ruwa zalla har gwiwar hannu, domin mai ko turare guba ne a gare su. Ina son aikin nan kamar me, kuma ƙarshen watan ake shirin tabbatar da ni a kansa.

Bayan la'asar sai ga wani Alhaji ɗan Kano da iyalinsa, mai sarin turare. Tun daga ƙofa ƙamshinsa ya yi sallama. Muka gaisa, ashe unguwarmu ɗaya, ya san mahaifina.

Na rusuna na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ga famfo nan, a ɗan wanke hannu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da alwalata na zo, yaro. Ƙazami ka ɗauke ni?"

"Wane ni! Turaren ne ba sa so."

"Turaren da nake shiga masallaci da shi ne kifi ba ya so?"

Kafin in sake buɗe baki ya tsoma hannu har da bakin riga. Ina kallo man ya bazu a kan ruwan. Na riƙe hannunsa na fitar, kamar yadda aka koya mana, na danna ƙararrawa. Wayyo, kun san me ake nufi da riƙe hannun dattijo a gaban matarsa da 'ya'yansa!

Muka kwashe halittun, muka sauya ruwa, duk da haka washegari wasu taurarin teku sun mutu. Manaja ta kira ni ofis. Alhaji ya riga ya shigar da ƙorafi cewa na ci masa mutunci. Na fara bayani, ta ɗaga hannu ta katse ni.

"Mutanenku ne, da yarenku kuka yi magana. Me ya hana ka shawo kansa? Khalas, magana ta ƙare."

Aka mayar da ni sito a unguwar Al Quoz, wankin matatun ruwa, aka ba wani kwamina. Wallahi na ji zafi, har yau ina jin sa.

Ban gama haɗiye wannan ba mahaifina ya kira daga Kano, labari ya riga ni isa gida. "Aikin kifi ne ya sa ka manta tarbiyya? Ka je ka ba shi haƙuri."

Na je. Na same shi a shagon da yake sari, na durƙusa. Ya yi murmushi ya ce ya yafe, ai yaro ne. Sannan ya ɗauko kwalba, ya kamo hannuna, ya shafa mini turaren nan dai, har gwiwar hannu. Ni kuwa na ce na gode.

Abin da na koya ke nan. A aikin nan, in ka bi doka mutanenka su ce ka zama bare, masu dokar kuma su ce ai duk ku ɗaya ne. Tauraron teku ma ya fi ni gata, shi da ya mutu sai da aka tambayi dalili.